Ramuka uku a kantin Yaya Sani

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata. Ranar da aka ba mu hutun lakkol, wato makarantar boko, na sauka daga motar Mayahi a bakin kasuwar garinmu, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne ramuka uku a daɓen kantin Yaya Sani, daidai inda dirkokin zana suke a da. An tuge dirkokin, an share wurin, amma ba a cike ramukan ba. Tururuwa na shiga ɗayansu tana fita. Na gaishe da mutanen da ke kan benci kaina a ƙasa, na wuce gida.

Ba zan faɗi sunan garinmu ba, mai karatu zai gane dalili nan gaba.

Kawu Ilu ya yi shekaru yana jera kaya a wani babban kanti a Maraɗi, har tarin da ya zama ajalinsa ya dawo da shi gida. Da ya dawo bai buɗe kanti nasa ba. Ya shiga koya wa masu kantuna yadda ake tsara su, tun daga Tasawa har Gidan Amumune. Da farko dariya aka yi ta yi masa, wai ina aka taɓa koya wa mutum ajiye kayansa a ɗakinsa. Bai yi gardama da kowa ba. Ya gyara kantin wani tsoho da sukarinsa ya daɗe yana warin kananzir, mata suka koma saye a can, daga nan samari suka fara zuwa zaurenmu da kansu.

Lokacin ban isa shiga lakkol ba, kuma ba na iya magana gaban mutane, har yau ma da sauran hakan. Nakan zauna bayan ƙyaure ina kallo. Da kara yake zana kanti a kan rairayi, ya jera gwangwanayen tumatir da babu kome ciki a matsayin kaya. Sabulu kada ya kusanci shayi. Gishiri a ɗaga shi daga ƙasa. Alawa da ashana a sa su daidai tsawon yaro, don kada yaro ya yi ɗage ya jawo kantar kaya ta faɗo masa. Mai kanti ya zauna inda zai ga ƙofa ba tare da ya ba mai saye baya ba. Yana da saurin fushi, in almajirinsa ya sa atamfa inda rana ke dukanta, sai ya yini bai yi masa magana ba.

Abin da ya fi so shi ne ya sa mai koyo ya shiga kantinsa a matsayin baƙo. Ban manta ranar da ya sa Yaya Sani, wanda ya fi duka almajiransa jiki, ya goya kabewa da zanen Inna ya ratsa tsakanin kanta da buhuna ba. Kabewar ta bugi kusurwar kanta, ƙum.

"To, ka fasa kan ɗan mutane," in ji Kawu. "Mi za ka ce ma ubanshi?"

"Kawu, ai kabewa ce."

"Yau kabewa ce. Matsar da kantar."

Zanar kuwa a farin farko ta zo, da ruwan sama ya ɗauke, shekarun da sojoji suka karɓi mulki. Kawu ya lura cewa mata da yara ne kaɗai ke zuwa awo, kuma akwai gidajen da ba a ganin kowa nasu sam, alhali an san ba a ɗora tukunya a can. Ya zauna kan bencin ƙofar kanti na 'yan kwanaki, ya gane abin da ke faruwa. Magidancin da ya saba ciyar da jama'a ba zai tsaya gaban 'yan benci a auna masa rabin tiya na garin rogo ba. Tsoro na daji, kunya na gida. Sai ya tara almajiransa ya nuna musu sabon tsari: benci ya koma gefen hagu, wurin awo ya koma can ƙurya ta dama, a kafa zana mai tsawon mutum a tsakani, a fasa ƙaramar ƙofa ta baya mai fita lungu. Mutum ya shigo kamar goro zai saya, ya gaisa da kowa, ya zagaya bayan zana, ya fita ta lungu da abinsa ƙarƙashin riga.

Mahaifina yana cikin waɗanda suka fi yi masa tsiya. Baba ya taɓa yin dubu, wato damin hatsinsa na shekara guda ya kai dubu, aka yi biki aka naɗa shi sarkin noma, kuma rumbunansa sun fitar da mu farin farko har da maƙwabta. Da yake akwai wasa tsakaninsa da ƙanen matarsa, yakan ce, "Ilu, kai da ka koya ma maza noma, ka tsaya kana koya musu ɓuya." Kawu yakan ce, "Allah shi sa kada ka san cikinta, sarki." Su yi dariya su duka.

Bana fari ya dawo, kuma ya fi na farko. Rumbunan Baba an ɗage hulunansu, ba abin da ke ciki sai ƙaiƙayi. An sayar da shanun huɗa, an sayar da jaki. Hukuma ta ba da umarni cewa duk mai sayar da abinci ya fito da shi fili inda kowa zai gani, jandarmomi na zagaya kasuwanni suna dubawa. Yaya Sani, wanda kantinsa ne kaɗai ke da hatsi a garinmu yanzu, ya tuge zanarsa, ya toshe ƙofar baya da bulo, ya jera buhuna da tiya a bakin ƙofa, dab da benci.

Na daɗe ina tunanin abin da Kawu zai ce da ya ga haka, kuma ban tabbata zai tsine wa umarnin ba. Gaskiya ɗaya ce, wasu daga cikin waɗanda ya koyar sun mayar da bayan zana maɓoya, suna danne buhuna a can suna ce wa mayunwata babu, suna jiran tsada. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina jin da ya ji wannan, fushinsa a kan almajiransa zai fara sauka kafin ya kai ga kowa. Amma na san zai je ya zauna kan bencin nan kamar yadda ya yi a da, ya duba wanda ba ya zuwa.

Ni na san ɗaya daga cikin waɗanda ba su zuwa. Wata ranar kasuwar Mayahi, bayan an tashi lakkol, na bi ta rumfunan masu awo. Na ga wani dattijo ya ja rawani har kan hanci yana miƙa ƙaramin buhu. Ban ga fuskarsa ba. Takalminsa na gani, faɗe na fata mai ɗinkin jan zare a maɗaurin hagu, ɗinkin da na yi da hannuna. Ƙafafunsa sun yi fari fat da ƙurar hanya. Baba ne, ya tako tun daga garinmu don ya yi awo inda ba a san shi ba. Na laɓe bayan wata rumfa har ya ɗaura buhun ya tafi. Ban gaishe shi ba, don na san gaisuwata za ta fi masa yunwar ciwo.

Da na zo hutun nan na tarar da shi kwance. Inna ta ce a dawowarsa ta ƙarshe jiri ya kayar da shi a hanya, wasu Buzaye masu raƙuma suka kawo shi. Ya hana Inna zuwa awo, ya hana ƙannena, don duk wanda ya fita daga gidanmu da ƙwarya, gidan sarkin noma ne ya fita. Yana cewa da ya ji ƙarfi zai koma Mayahi. Na dubi ƙaurinsa, na san ba za su kai shi su dawo da shi ba.

Kantocin da Kawu ya ƙera gara ta ci wasu, wasu an ƙona su an dafa abinci. Almajiransa da yawa sun rufe kantuna sun tafi kudu cin rani, ba su dawo ba. A cikin waɗanda suka rage, har yau ba za ka ga sabulu kusa da shayi ba, kuma mai goyo tana ratsawa ba ta karkace. Wannan ya zauna. Abin da nake tsoro shi ne kada ƙananan darussan su rayu, babban ya bi shi kabari. Shi dai ya nuna musu cewa inda aka ajiye tiya yana iya hana mutum cin abinci ko da hatsi na gari, kuma an ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Jiya da azahar, lokacin da 'yan benci suka tafi masallaci, na je kantin. Na tsaya kusa da ramukan ina kallonsu.

"'Yar lakkol, alawa ko alli?" in ji Yaya Sani. Da ya ga inda nake kallo, sai ya daina murmushi. "Dije, kada ki hwara. In jandarma suka ga zana, ni za su ɗauka, ba ke ba."

"Na sani, Yaya."

"To mi kike so in yi?"

Na riga na yi ta maimaita maganar a hanya.

"Ka bar buhunan nan inda suke, kowa shi gani, su ma su gani. Ban ce ka ɓoye ko ƙwaya ba. Tiyar kaɗai nake roƙo ka mai da ƙurya, ka kafa zanar ko da rabin tsawonta ne, ka cire bulon ƙofar baya. In ka yi, ka aika gidanmu ka ce ma Baba an kawo sabon goro, shi zo shi gani."