Balan-balan ɗin Rakiya

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na kusa kashe karatun wata baiwar Allah da iskar bakina ba. Lokacin ina sabon mataimaki a ɗakin gwajin sinadarai na wata jami'a a nan Legas, ko wata shidan gwajin sabon ma'aikaci ban cika ba. Kafin nan shekarata goma sha biyu ina facin taya a Agege, don haka ni dai ban iya ganin abu yana sacewa in wuce ba.

Akwai ɗaliba mai digiri na biyu, Rakiya, haifaffiyar unguwarmu. Ta shafe kusan shekara tana haɗa wani gari ja-ja mai ƙarfe a cikinsa. Aikin garin irin na dillali ne: ya haɗa iskar kabon, wadda injuna ke fitarwa, da wani ruwa mai suna ifoksaid, su zama ruwan da ake amfani da shi a batir, shi kuma ya fito yadda ya shiga. Ƙa'idar ita ce a zuba ruwan da garin a kwalba, a cika balan-balan da iskar kabon, a ɗaura a bakin kwalbar. E, balan-balan irin na bikin suna.

Ranar Juma'a ta ɗora gwajinta na ƙarshe. Dakta, mai duba aikinta, ya riga ya ce in wannan bai yi ba sai ta sake wani binciken daga farko. Ni aka bar wa gadin Asabar. Ta ce, "Kawu Sabo, abeg, don Allah ido kawai za ka sa." Ba ta faɗa mini abin da idon zai gani ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Da azahar na leƙa, sai ga balan-balan ya yamushe. Na shafa masa ruwan sabulu, ba kumfa. Na kara a kunne, shiru. Na ce lallai maƙerin balan-balan ɗin nan ba ya tsoron Allah. Na kwance shi, na cika shi da bakina tam, na mayar. Bai ƙara sacewa ba. Na hau motar haya ta danfo ina jin kaina wani farfesa.

Litinin Rakiya ta shigo, ta ga balan-balan tsaye ƙyam, ta zauna daɓas ta fashe da kuka. Dakta ya dafa tebur ya ce, "Ai kin gani. Da garin ya yi aiki, da ya shanye iskar, balan-balan ya yamushe. Ko kurɓa ɗaya bai yi ba."

In na yi shiru aikina ya tsira, shekararta ta tafi. Na kama goge teburin da na riga na goge. Da na ga ta ɗauki kwalbar za ta juye, bakina ya riga ni.

"Oga, ya yamushe fa. Ni na hura shi."

"Da me?"

"Da baki, ranka ya daɗe."

Rakiya ta daka tsalle. "Kawu, ya yamushe? Sosai?"

"Kamar tsohon yalo."

Ta yi guɗa. Dakta bai yi ba. Ya wanke ni tas, ya ce ruwan nan guba ne, Allah ne ya so ni da rahama. Ya ƙara mini wata uku a kan wata shidan gwajina, ya kuma sa Rakiya ta rubuta sunana a littafin gwaji, a layin abubuwan da suka ɓata sakamako. Da aka maimaita, garin ya shanye iskar sarai, ta gama karatunta.

Ku sababbin ma'aikata, ku riƙe wannan. Mutanen ɗakin gwaji suna yafe wauta, don kullum cikinta suke, har Dakta. Abin da ba sa yafewa shi ne ka taɓa abu ka yi shiru. In hannunka ya yi ƙaiƙayi, sa shi a aljihu ka je ka tambaya.