Kalilu, Wanda Ya Kashe Injinansa Da Hannunsa

Shekara da shekaru, in an idar da sallar asuba, Malam Kalilu ba ya komawa gida. Babur yake hawa zuwa wani ɗaki mara taga a bayan garin Daura, inda kamfanin waya ya jera injinan da ke haɗa kiran mutanen Daura da Zango da Dutsi da Mai'adua. Sai ya goge su, ya duba sanyin ɗakin, ya taɓa kowanne da bayan hannu kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta. Yawancinmu ba mu san ɗakin ba. Gidansa muka sani, don da sabis ya ɗauke, ƙofarsa ake bugawa.

Hamma dillalin shanu bai manta wata damina ba. Ranar kasuwar Mai'adua ce, ruwa ya shiga ɗakin, wayoyi suka yi tsit. Ran nan ake sunan 'yar Kalilu, daga wurin aka taso shi. "Na same shi tsamo-tsamo, da babbar rigarsa, yana kwasar ruwa da bokiti," in ji Hamma. "Kafin la'asar muna waya, shi kuwa ko naman suna bai gani ba."

Bara kamfanin ya ce aikin injinan nan manhaja ce za ta riƙa yinsa, cikin manyan kwamfutoci a Legas. Tunda ba a bukatar ƙarfen, ba a bukatar mai goge shi. Aka kuma nemi Kalilu ya taimaka a mayar da layukan can.

Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Malam, ai wannan a ba ka wuƙa ne a ce yanka kanka. Janye hannunka, su ƙarata."

Ya ce, "In na janye, wayar wa za ta mutu? Tasu ko ta mutanenmu?"

Haka ya yi ta kwashe layukan gari bayan gari, ba wanda wayarsa ta yi ko gezau. Injin ƙarshe shi ya kashe da hannunsa, ya miƙa makulli.

Kalilu, kai ne bangon da muka jingina ba mu waiwaya ba. Kai ne aka sallama ba taro, ba ko lemo. Wallahi abin yana ci mini rai. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu aiki kuma, ku riƙe amana irin tasa, ko da ita ce za ta raba ku da aikin.

Har yau in sabis ya ɗauke, mutane ƙofarsa suke zuwa, don Legas ba ta da ƙofar da za a buga. Ba ya korar kowa. Yakan shimfiɗa musu tabarma, su zauna tare suna jira, kowa na duban wayarsa, har da shi.