Shafi na Arba'in da Biyu a Littafin Baba Kwafi

Ƙarfe bakwai saura, kafin mai shara ta gama da baranda, Baba Kwafi ya riga ya zauna a teburinsa na bayan ƙofa. Zai goge tabarau da gefen riga, ya kunna kwamfuta, ya buɗe littafinsa mai baƙin bango ya rubuta kwanan wata. Shekara goma sha shida ke nan yana haka. Mu muka laƙa masa sunan, domin ko gaishe shi ka yi sai ya tambaye ka, "Ka yi kwafi kafin ka taɓa?"

Aikinmu kula da manhajar yanar gizo ta wani asibitin yara: rajista, katin rigakafi, da saƙon waya mai tuna wa iyaye mata ranar allura. Shi ya gina ta a kan wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin markaɗe. Da aka ba ni shugabancin sashen, abin da na fara sa wa gaba shi ne kwashe aikin daga tsohuwar nan zuwa sabon tsari, inda dukanmu za mu riƙa rubutu da gwaji wuri ɗaya.

Ban gayyace shi taron shiri ba. Ranar ƙaura ya tako har teburina, littafin a hammata.

"'Yata, ki duba shafi na arba'in da biyu kafin ki kashe ta."

"Haba Baba, komai yana cikin foldar aikin. Littafin nan kuwa a kai shi gidan tarihi."

Aka kwashe da dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Muka kwashe folda da rumbun bayanai, komai ya tashi lafiya lau, aka yaba mini a gaban jama'a, na sa aka jefa tsohuwar a sito. Sau biyu ya sake zuwa da littafin, sau biyu ina ce masa sai na fito daga taro.

Abin da ban sani ba shi ne, umarnin da ke tura saƙo ƙarfe takwas na safe ba a cikin folda yake ba. A jadawalin tsohuwar kwamfutar kanta aka ɗaura shi. Ranar da na kashe ta, na kashe saƙon ɗaruruwan uwaye, wasunsu ba su da wata kalanda sai ƙarar wayar nan.

Amma ko sau ɗaya saƙon bai yanke ba. Mai shara ce ta ba ni labari daga baya: washegari ta gan shi ya kinkimo tsohuwar daga sito, yana nishi, ya tura ta ƙarƙashin teburinsa. Kullum da safe sai ya kwafo sababbin sunaye a filashi ya zuba mata, ya jira saƙo ya fita, sannan ya sha shayinsa. Mako biyar yana wannan. Babbar nas ta ce layin rigakafi bai taɓa raguwa ba, shi ya sa ba wanda ya shinshino komai.

Ranar da zai yi ritaya ya jira ofis ya watse, ya ajiye littafin a gabana a buɗe.

"Daga Litinin ba mai ɗauko sunayen. Zauna mu gyara, ba zai ci minti ashirin ba."

Na karanta shafin. Layi huɗu ne kacal, a kan inda umarnin saƙon safe yake da yadda za a ɗauke shi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba, kai ne mai rufa asirin wanda ya yi maka dariya. Da ka so, kalma ɗaya a gaban shugaba ta isa ta sauke ni daga kujerar nan, amma 'ya'yan mutane ka duba, ba rashin kunyata ba. Na gode, kuma ka yafe mini. A gaban mutane na yi maka, shi ya sa nake neman gafara a gabansu.

Ku kuma abokan sana'a, kafin ku kwashe aiki daga tsohon wuri, ku zauna da wanda ya rene shi, ku ji abin da babu a folda. In yana da littafi, ku karɓa da hannu biyu.

Nasa yanzu yana aljihun teburina. Jiya na sake buɗe shafin, sai na ga ya ƙara layi na biyar kafin ya tafi, da kwanan wata a gefe: "An mayar da saƙon safe sabon tsari. 'Yata ce ta gyara."