Mai Waya Uku da Katin Cikin Murfi

Shekararta hamsin da huɗu, tana da jikoki uku da shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da fenti. Da gyaran rediyo ta fara a hannun mahaifinta, ta koma talabijin, yanzu kuma ƙananan kwamfutoci take gyarawa, waɗanda duk jikinsu ɗan faranti ne kore mai faɗin tafin hannu. Irinsu ake sa wa famfon rijiya da allon talla don su riƙa sarrafa kansu.

A layin ana ce mata Mai Waya Uku, saboda siraran wayoyi uku da ba ta rabuwa da su. Idan farantin ya ƙi tashi, ba ta taɓa dalmar liƙi sai ta jona shi da laftof ɗinta da wayoyin nan ta karanta abin da yake rubutawa yayin kunnawa. Ta ce kowanne yakan faɗi inda ya tsaya, mutane ne ba sa tambayarsa. Tana da wata ɗabi'a kuma. Farantin ba ya tashi sai ya ɗauko manhajar farko daga katin memori, don haka duk akwatin da ta haɗa sai ta manna kati na biyu a cikin murfinsa da salatif.

Ƙanenta, wanda har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba, kaji yake kiwo. Ita ta haɗa masa farantin da ke kula da hita da fankar injin ƙyanƙyasarsa. Wata safiya ya kira ta.

"Yaya, abin nan naki ya mutu. Ƙwan sun kusa fashewa, ga shi suna hucewa."

"Yau ya koma nawa ke nan? Da yana aiki ai naka ne. Rufe injin da bargo, ka sa kwalaben ruwan ɗumi a ciki. Kada ka taɓa komai."

Ta same shi tsaye a ɗakin injin yana kallon ma'aunin zafi yana sauka. Jar fitilar farantin na ci, koriyar ta ƙifta ta ɗauke. Ta ja bokiti ta kife ta zauna, ta jona wayoyinta. Rubutun ya nuna farantin lafiyarsa lau: ya farka, ya ga katin, ya karanta manhajar har rabi, ya ci karo da wurin da ya lalace, ya koma farko. Haka yake ta zagaye.

"Yaya kake kashe shi idan za ka yi shara?"

"Soket nake zarewa. Da wata hanya ce?"

"Ga maɓalli nan na sa maka. Yana cikin rubutu a katin kake fizge masa wuta."

Ta ɗaga murfin don ɗauko kati na biyu. Salatif ɗin na nan, katin babu. Ta dube shi. Auta ya sosa ƙeya, ya zaro wayarsa daga aljihu.

"Na ga katin yana zaune ba ya aikin komai, wayata kuma ta cika."

"Sai ka ba shi aiki."

"Hotunan kaji ne, Yaya, da na yara."

Kwafin manhajar na cikin laftof ɗinta, amma sai an goge kati kafin a rubuta ta, kuma tsohon katin ya ƙi karɓar rubutu. Kwashe hotunan zai ci lokacin da ƙwan ba su da shi. Ta faɗa masa haka. Ya kalli ma'aunin, ya ɓare bayan wayar ya miƙa mata katin.

"Yaran dai suna nan, zan sake ɗaukarsu."

Ta rubuta manhajar, ta zura katin, ta kunna. Layukan suka wuce inda suke tsayawa, koriyar fitilar ta zauna, fanka ta fara juyi. Ba ta tashi daga kan bokitin ba sai da zafin ya koma daidai.

Ba duka ƙwan suka fashe ba. Na jerin bakin ƙofa sun yi sanyi da yawa. Sauran sun fito. Auta ya kai mata 'yan tsaki a kwali, ta ajiye su ƙarƙashin teburin aiki, mai ɗinki na ƙorafin kukansu.

Jiya ta koma ɗakin injin. Ta gyara tsarin ta yadda farantin ba zai ƙara rubutu a katinsa ba, ko an zare soket. Sabon kati na biyu kuma ta sa shi a ɗan gwangwani, ta ɗaure shi cikin murfin da noti, ta tafi da sukurudireban a jakarta.