Inda Manhajar Ta Ajiye Muryar Goggo

Ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Tambuwal lokacin da na rubuta 'yar manhajar. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauki murya, ta sa mata suna, ta ajiye. Saboda Goggo na yi ta, yayar mahaifina da ke Kebbe. Ita kaɗai ta rage da haddar waƙoƙin wa'azin da kakarmu ta koya wa matan gidanmu, kuma ba a taɓa rubuta su ba.

A gida na gwada ta sau da yawa. Duk abin da na ɗauka, a foldar da manhajar take nake samunsa, domin haka na umarce ta: ki ajiye a inda kike. Ana gobe zan tafi sai na ɗaure ta cikin fayil guda, don ta yi sauƙin kunnawa. Na danna, ta buɗe. Ban ƙara gwada komai ba.

Kwana tara na yi a Kebbe. Kullum da hantsi Goggo takan zauna a kan buzunta ta jawo kwamfutar kusa da bakinta.

"Wanga abu yana ji na kuwa?" in ji ta.

"Yana ji, Goggo."

"To, ka ce mishi ya riƙe da kyau. Ni na gaji da riƙo."

Tana rerawa tana tari. Wani baitin sai ta maimaita sau uku kafin ya zauna. Duk waƙar da ta ƙare, allon yakan nuna min an ajiye, ni kuma in rufe manhajar don in tanadi caji.

Sai da na koma Tambuwal na buɗe foldar. Ba kome a ciki. Na yi kwana biyu ina lalube kafin na gane. Ashe manhajar da aka ɗaure ba a inda ka ajiye ta take aiki ba. In ka kunna ta, takan zazzage kanta a wata folda ta wucin gadi, in ka rufe ta sai ta share foldar. Can ta riƙa zuba muryar Goggo. Da hannuna nake share aikin kowace rana.

Gyaran layi biyu ne kawai. Na yi shi, amma kunya ta hana ni komawa da wuri. Na ce sai an yi hutu. Damina ta faɗi, hanya ta lalace har 'yan babur suna ƙin zuwa. Kafin kaka Allah ya yi wa Goggo rasuwa.

A zaman makoki 'yarta ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, in an share bakwai ka kawo muna mu ji ta."

Na ce to. Shekaru sun wuce, har yau ban gaya mata ba. Baiti huɗu na iya tunawa, ɗaya ma ban tabbata da ƙarshensa ba.