Ranar da Na Zo Na Ɗaya da Bular Wanki

Shekarun baya, zamanin soja, lokacin da tsuke bakin aljihu ya kai har tukunyar makaranta, ina karatu a wata kwalejin horar da malamai a yankin Makarfi. Aka shirya tseren dogon zango tsakaninmu da ɗaliban Ikara da na Kudan. Wanda ya zo na ɗaya shi za a tura gasar jiha a Kaduna.

Kowa ya san abokina ne zai ci. Ɗan kudancin Kaduna ne, gadonsa na kusa da nawa, kullum da sassafe sai ya zaga gari ba takalmi. Ni kuwa ƙararrawar abinci kaɗai ke sa ni gudu.

A inda ake juyowa akwai malamin da ke dangwala wa duk wanda ya iso tawada a hannu. Tawada ta yi wuya a shekarar, sai aka koma bular wanki. Bula kuwa wa ba shi da ita a akwati? Ana tashi na ɗan taɓa gudu, na faɗa gonar rake na zauna, har na karya ɗaya na sha. Da na hango abokina yana dawowa shi kaɗai, na shafa bulata na fito. Muka haɗa ido. Niyyata in bi bayansa, amma da na jiyo tafi daga fili sai kaina ya kumbura, na riga shi shiga.

Malamin wasannin Ikara ya kama hannuna ya kai ni gaban babban baƙo, wani hafsan soja.

"Ranka ya daɗe, duba. Bular abokin tserensa gumi ya wanke ta, tasa kuwa kamar yanzu aka shafa."

Shugaban makarantarmu ya ce in ta tabbata, a ranar zan tattara kayana. Na tuna mahaifina, da ya gama gaya wa ƙauyenmu ɗansa zai zama malam.

Hafsan ya dubi abokina. "Kai ke bayansa. Daga ina ya fito?"

"Ranka ya daɗe, numfashina bai dawo ba. A sa mu zaga filin nan sau huɗu, ni da shi. Wanda ya ci, nasa ne."

Tafin ƙafarsa a tsage yake, yana jini. Haka ya shiga. A zagaye na biyu raken da na sha ya riƙe mini ciki, ya wuce ni, ya zagayo ya sake wuce ni. Fili ya ɗauki dariya, har hafsan. Dariyar nan ce ta cece ni: hukuncina ya tsaya a tsallen kwaɗo da mako guda na yankan ciyawa.

Da yamma na same shi ya tsoma ƙafa a ruwan gishiri. Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ƙarya dai ba zan yi maka ba. Amma in aka kore ka, da wane ido zan kalli Babanka in ya kawo mana gyaɗa?"

Na yi koyarwa har na yi ritaya, na kama masu satar amsa ba adadi, kuma duk lokacin sai na tsaya na nemi hanyar da gaskiya za ta fito ba tare da an hallaka yaro ba. A wurinsa na koya, kuma har yau in na tuna kunya nake ji.

Ya je Kaduna bayan mako biyu, ƙafar ba ta warke ba, bai ci gasar ba. Bai taɓa ce mini saboda ni ne ba.