Kalangun Baba da Kurar Kwamiti

Babanmu makaɗin mahauta ne. Duk ranar Alhamis, kafin kasuwar Shinkafi ta cika, yakan rataya kalangunsa ya tsaya bakin rumfar pawa, ya shaida wa gari abin da aka yanka. Kiɗan bijimi mai kitse daban, na raƙumi daban. Na sha faɗa wa abokaina cewa har a ƙauyen Katuru ana jiyo shi, kuma tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya takan fara tauna tun daga gida. Ladansa nama ne, kowane mahauci ya jefa masa tsoka a ƙwarya. Da wannan muka girma.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, manyan garinmu suka kafa kwamitin raya gari. Nufinsu mai kyau ne. Sun shata layuka a kasuwa, masu hatsi gefe guda, masu tireda gefe guda, sun sa an yashe kwalbatoci. Suka kuma nemi taimakon attajirai, aka sayo kekunan ɗinki da injin markaɗe da kurar ruwa, don waɗanda sabon tsari ya rufe wa sana'a su sami abin yi. Sharaɗin ɗaya ne: ka kawo kayan tsohuwar sana'arka ka ajiye, a rubuta sunanka.

Na ga kurar a ƙofar ofishinsu, sabuwa dal, koriya, jarkokinta a jere kamar amare. Nan take na hango kaina ina tura ta bayan an tashi daga makaranta, cikin wata biyu na sayi keke, cikin shekara na biya wa Inna Makka. Baba kuwa ya tafi Zurmi ta'aziyya. Na sauke kalangun daga ƙusar bango, na cusa shi a buhun hatsi, na nufi ofishin kwamitin.

Abin da na shirya faɗa kaɗan ne, amma da na ga dattawa bakwai sun zuba mini ido sai bakina ya ƙwace. Na ce Baba ya kwana uku yana kuka, hawayensa sun jiƙa tabarma har Inna ta shanya ta. Na ce ya rantse ba zai sake taɓa kiɗa ba, kunya ce ta hana shi zuwa da kansa. Magatakardan kwamitin ya ajiye biro ya dube ni.

"Wanga yaro, ai kalangun pawa ba wanda ya ce komi kansa. Shela ce, ba rawa ba."

Na ce shi ya sa ma, Baba ne ya hana kansa. Shugaban kwamitin, wani tsohon hedimasta, ya cire tabarau ya share ido, ya ce irin wannan tuban ya fi kowanne. Suka ba ni kurar. Na tura ta gida ina fito.

Baba ya dawo ranar Juma'a, daga tasha ya zarce masallaci. Bayan an sallame, shugaban ya karɓi lasifika ya karanta sunayen waɗanda suka canza sana'a. Da ya zo kan na Baba sai ya tsaya, ya ba da labarin tabarmar nan kaf, ya ce kowa ya yi koyi. Mutane suka yi ta miƙo masa hannu. Ni dai na riga shi isa gida, na saka wando uku ina jiran dorina.

Ya shigo zaure ya ga kurar. Ya wuce ɗaki ya ga ƙusar. Ya daɗe a ciki.

"Kai ka kai shi?"

"Ni ne, Baba."

Bai taɓa ni ba. Da ya doke ni, da yau ina ba da labarin ana dariya.

Da la'asar sarkin pawa ya zo a fusace, ya ce su tashi su je ofishin, ai kuskure ne, za a mayar masa da abinsa. Ina bayan ƙofa ina ji. Baba ya ce in ya je, ɗayan biyu ne: ko ya ce ya janye tuban da aka yabe shi a kai a gaban masallaci, ko ya ce ɗansa ya ɗauki kayan ubansa ba izini, ya yi wa dattawa ƙarya ya karɓo kayan jama'a. A lokacin kalmar sata ba abin wasa ba ce a jiharmu. Ko ba a kai ni ko'ina ba, sunan zai bi ni har tsufa. Sarkin pawa ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalminsa.

Kurar da na ci buri a kanta ko sau ɗaya ban tura ta da sunan sana'a ba. Baba ya ce da sunansa aka rubuta, ni in tafi makaranta. Mutumin da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi kalangu nauyi ba, shi ne yake turo jarkoki cike daga bakin famfo zuwa layin masu abinci. Cikin wata ɗaya tafin hannunsa ya yi kanta, damina na faɗuwa ya fara tari. Miyar Inna ta koma kuka da daddawa. Mahautan suna aiko da ɗan nama da farko, daga baya aike ya yi nisa.

Na taɓa leƙa tagar sito na kwamitin. Kalangun na nan a ƙasa, tsakanin kwalaben wofi da kwalin karta, ɓeraye sun cinye fatar gefe guda. Ban faɗa wa kowa ba.

Gular kiɗan, sandar da yake buga kalangun da ita, ita ce kawai na manta ban saka a buhun ba. Tana nan a ɗakin Baba, a soke jikin azara. Ranar Alhamis kuwa, hanyar da ta fi kusa zuwa layin masu abinci ta gaban rumfar pawa ta bi, amma shi ta bayan kara, inda ake sayar da dabbobi, yake zagayawa da kurar, cikin yashi.